DARASIN KIWON LAFIYA: Ciwon dajin nono da zaman gida lokacin magani

Ciwon daji na nono, wanda likitoci ke kira kansa, shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata a ƙasar Nijar. Haka yake kuma a duniya baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mata miliyan 2 da dubu 300 da aka gano suna da shi a shekarar 2022 kaɗai. Ciwon yana da magani. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, ake kuma bin magani har ƙarshe, mata 9 cikin 10 suna nan da ransu shekara 5 bayan an gano ciwon.

Amma maganin yana da tsawo. Yakan ci wata 6, wani lokaci ya kai shekara. Cikin waɗannan watanni gida bai tsaya ba: ga daka, ga ɗiban ruwa, ga yara, ga gona, ga awaki. Mata da yawa suna fara magani, su bar shi a tsakiya, don babu mai riƙe masu gida, ko kuɗin mota sun ƙare, ko surutun mutane ya karya masu zuciya. Likita shi ke ba da magani, amma mutanen gida su ke kai mace ƙarshensa. Wannan darasi yana nuna yadda iyali za su shirya kansu don uwar gida ta gama maganinta, gida kuma ya zauna daidai.

MENE NE WANNAN CIWO?

Wata tsoka ce ke tsirowa cikin nono, tana girma ba tsayawa. Da fari ƙaramin ƙullutu ne mai tauri, kuma sau da yawa ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ke sa mata su yi sakaci da shi. Idan aka bar shi, sai ya kai ga kaluluwar hammata, daga nan ya bi jini zuwa ƙashi, ko huhu, ko hanta.

Ga alamun da ke sa a je gidan likita ba da jinkiri ba: ƙullutu cikin nono ko cikin hammata, fatar nono ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono, miki a nono wanda ya ƙi warkewa. Yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne, amma hannu ba ya iya rarrabewa. Sai an ɗauki hoton nonon, an kuma ciri ɗan ƙanƙanen nama da allura an duba shi a ɗakin awo. Kunya kada ta hana: ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A gidajen likita akwai ungozomomi da likitoci mata.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarsa wajen cin tuwo kwano ɗaya, ko shan ruwa moɗa ɗaya, ko kwana ɗaki ɗaya. Ba sammu ke kawo shi ba, ba maita ba, ba kuma cizon da jariri ya yi wa nono ba. Saboda haka babu dalilin ware mace, babu kuma dalilin zargin abokiyar zamanta ko maƙwabciyarta.

Mutane sukan ce daji ba ya son ƙarfe, wai allura ko wuƙar likita ita ke tada shi. Wannan magana ta hallaka mata da yawa. Abin da ke faruwa shi ne, ana ajiye mace a gida shekara ɗaya ko biyu ana shafe-shafe da sakiya, sai ciwon ya gama yaɗuwa sannan a kai ta asibiti. Idan ta rasu, sai a ɗora wa allura laifi, alhali jinkiri ne ya kashe ta.

HANYOYIN MAGANI HUƊU

Na ɗaya shi ne aiki, wato tiyata. Likita yana cire ƙullutun da naman da ke kewaye da shi, ko ya cire nonon gaba ɗaya, yawanci tare da kaluluwar hammata. Ana sa mace barci, ba ta jin kome lokacin aikin. Mace tana rayuwa lafiya lau da nono ɗaya.

Na biyu shi ne maganin da ake ƙarawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. A asibiti ana ce masa shimiyo. Yana bin jini ko'ina cikin jiki, yana kashe ƙwayoyin ciwon da ido ba ya gani. Yawanci ana ba da shi sau ɗaya kowane kwana 21, har sau 6 ko sau 8. Wata ana ba ta shi kafin aiki don ƙullutun ya ragu, wata bayan aiki.

Na uku shi ne haskawa da na'ura. Mace tana kwanciya, na'ura ta haska gurbin ciwon na ƴan mintoci. Ba ta jin zafi lokacin. Ana yin haka kwana 5 cikin mako, har mako 3 zuwa 5. A da sai an fita ƙasar waje ake samun wannan magani. A shekarar 2021 aka fara yin sa a Yamai, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji.

Na huɗu ƙwaya ce da ake haɗiya guda ɗaya kowace rana. Wadda aka fi sani ita ce tamokisifen. Ana shan ta shekara 5, wato damina biyar, wani lokaci fiye da haka. Tana rage haɗarin dawowar ciwon. Ba kowace mace take yi wa amfani ba. Awon naman da aka cira shi ke nunawa.

Wata mace za ta bi hanyoyin duka huɗu, wata biyu ko uku. Likita ne ke tsarawa. Ko ciwon ya yi nisa, akwai abin da asibiti ke iya yi: a rage zafi, a gyara miki, a ƙara wa mace kwanaki cikin sauƙi tare da ƴaƴanta.

Ga wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Bayan ƙarin magani na biyu ko na uku, ƙullutun yakan ragu ƙwarai, har a daina jin sa da hannu. Nan ne iyali kan ce an warke, su hana komawa. Manomi ya san wanda ya sare kan ƙaya ya bar saiwa, da ruwan fari za ta tofo. Ciwon da aka bari a rabin magani yakan dawo, kuma maganinsa ya fi na farko wuya.

ZAMAN SHAWARA KAFIN A FARA

Ranar da likita ya faɗi sunan ciwon, rana ce mai nauyi. A bar mace ta yi kukanta. Bayan kwana biyu ko uku, sai maigida ya tara waɗanda abin ya shafa: ita marar lafiyar, abokiyar zamanta idan akwai, uwarta ko yarta, uwar miji, da manyan ƴaƴa. Marar lafiyar ita ke faɗin wanda take so ya sani da wanda ba ta so ya sani. Ciwon nata ne, sirrin kuma nata ne.

A wannan zama za a yanke abu huɗu. Wa zai raka ta asibiti kowace tafiya? Wa zai riƙe girki da daka da ruwa? Wa zai kula da ƙananan yara? Ina kuɗi za su fito? A kira kowane aiki da sunan mai yin sa. Aikin da aka bar wa kowa, ba wanda ke yin sa. Idan akwai wanda ya iya rubutu cikin gidan, ya rubuta a takarda, a liƙa ta cikin ɗaki. Ga amfanin karatun yaƙi da jahilci nan ya zo.

Gara mai rakiya ya zama mutum ɗaya tun daga farko har ƙarshe, don shi zai riƙe bayanin likita. Marar lafiya tana cikin tsoro, ba ta riƙe rabin abin da aka gaya mata. Mai rakiya shi ke ajiye karne da takardun awo da takardun magani cikin leda ɗaya. Ya karɓi lambar salular wani ma'aikacin asibitin, ya kuma kai labari gidan likitan da ke kusa da garinsu, don su san da ita.

Wanda ke da mata biyu, ya zauna da su a sake tsarin girki da yardar kowa. Abokiyar zama da ta ɗauki kwanakin girkin ƴar'uwarta ta yi aikin lada, ya kamata maigida ya gode mata a gaban mutane, ya kuma sauƙaƙa mata: ya biya kuɗin injin niƙa, ya sa samari su kawo ruwa da itace a amalanke. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cire yarinya daga lakwal don ta riƙe gida. Maganin uwa wata shida ne ko shekara, amma yarinyar da aka cire daga karatu da wuya ta koma. Ta taimaka da safe da marece da ranakun hutu, a nemo wata babba cikin dangi ta zo ta zauna.

YADDA KWANA 21 KE TAFIYA

Wanda ya san yadda maganin jijiya ke aiki, zai iya tsara aikin gida a kansa. Kwana 21 mako uku ne, wato cin kasuwa uku. Idan an ƙara magani ran Talata, ranar komawa Talata ce ta uku. A yi zane a bango, ko a ƙulla igiya, kada a ɓata lissafi.

Makon farko shi ne na wahala. Akwai tashin zuciya, da amai, da kasala, abinci kuma ba ya daɗi a baki. Likita yana ba da maganin amai. A sha shi yadda ya ce, tun amai bai zo ba. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne, yakan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba jini ba ne. A wannan mako mace ba ta girki. Warin mai da hayaƙin murhu suna tada mata zuciya, don haka a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, nesa da madafa. Cikin kwana biyu na farko, wanda ya share amai ko ya wanke tufafin da suka ɓaci, ya wanke su dabam, ya wanke hannunsa da sabulu.

Mako na biyu amai ya tafi, amma shi ne makon haɗari. Daga kwana na 7 zuwa na 14 ƙwayoyin jinin da ke tsare jiki daga cuta suna raguwa ƙwarai. Ƙaramar cuta tana iya kada mace. Ta guji taron biki da suna da cunkoson kasuwa. Mai tari, da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau, kada su kusance ta. Ta kwana cikin gidan sauro kowane dare, rani da damina.

Mako na uku ƙarfi yana dawowa. Nan za ta iya tsintar wake, da tankaɗe, da ɗinki, da ƴar sana'arta, da ziyarar dangi. Kada a hana ta. Mace da aka kwantar aka hana ta taɓa kome, zuciyarta ke fara mutuwa. Ƴar tafiya cikin gari da safe ko da marece tana rage kasala.

Kafin kowane ƙarin magani ana awon jini. Idan jinin bai dawo daidai ba, likita yakan ɗaga ranar da mako ɗaya. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma iyali kada su ɗaga ranar da kansu saboda biki, ko shuka, ko girbi.

Mako 2 zuwa 3 bayan ƙarin farko, gashin kai yakan fara zubewa. Farce da tafin hannu sukan yi baƙi. Haila tana iya ɗaukewa. Duk aikin magani ne, ba ciwon ne ke ƙaruwa ba. Gashi yana fitowa bayan an gama. Wasu mata sukan kwance kitso su rage gashin tun da wuri, su samu kallabi mai taushi.

ABINCI DA TSABTA

Babu abincin da ke warkar da daji, babu kuma dalilin hana mace nama, ko ƙwai, ko kifi, ko mai. Jikinta yana bukatar abin gina shi, kuma abin yana nan cikin gari: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, ƙwai, kifi, nama, zogale, kuka, yakuwa, kabewa, mangwaro da gwanda. Idan ba ta iya cin tuwo da yawa, a ba ta kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Kunun hatsi da aka sa wa gujiya yana shiga ko baki ba ya son abinci. Citta da lemun tsami suna rage tashin zuciya ga wasu.

Ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, a rufe tulun. Madarar shanu a tafasa ta kafin a yi nonon da za a dama mata fura. Nama da ƙwai su dahu sarai. Abincin da ya kwana a buɗe, da na talla wanda ƙuda ya sauka a kai, ba nata ba ne. Mai girki ta wanke hannu da sabulu.

Idan baki ya yi miki, a sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ta riƙa kurkure baki bayan kowane cin abinci. Ta bar barkono da goro da abinci mai zafi sai bakin ya warke.

Addu'a da sadaka suna tafiya tare da magani, suna kwantar da zuciya. Amma jiƙe-jiƙen saiwoyi da ƙwayoyin ƴan talla suna iya haɗuwa da maganin asibiti su ɓata hanta ko ƙoda. Kada ta sha kome sai likita ya sani. Idan azumi ya zo cikin magani, addini ya yarda marar lafiya ta sha, ta rama bayan ta samu sauƙi. A tambayi likita, a tambayi malami.

HANNU BAYAN AIKI

Idan an cire kaluluwar hammata, hannun wannan gefe yana bukatar kulawa. Mako 4 zuwa 6 na farko babu daka, babu jan guga, babu ɗaukar jarka ko dami. Amma kada a naɗe hannun a ajiye, kafaɗa za ta sandare. Likita zai nuna motsin da za a yi. Ɗaya daga ciki shi ne mace ta fuskanci bango, ta riƙa hawa da yatsunta sama a hankali, kullum ta ƙara kaɗan. Bayan miki ya warke, likita kuma ya yarda, sai ta koma aiki sannu-sannu, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi.

Hannun yana iya kumbura, ko bayan wata da watanni. Alamar farko ita ce zobe ko awarwaro ya matse, ko hannun ya yi nauyi. A je gidan likita da wuri. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho. Ta kiyaye ƙaya da wuƙa da ƙunar wuta. Idan ta ji rauni, ta wanke da sabulu nan take, ta rufe.

Wadda aka cire wa nono, za a iya ɗinka mata ɗan matashi mai taushi da kaɗa, ta sa cikin rigar nono. Tufafi su zauna daidai, ta shiga mutane ba tare da damuwa ba.

Lokacin haskawa, fatar wurin takan yi baƙi ko ta saɓule kamar ƙuna. A wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba a gurzawa, ba a goge alamar da likita ya zana, ba a shafa wani mai sai wanda ya rubuta. Hasken ba ya zama cikin jiki. Tana iya ɗaukar ɗanta ta rungume shi a ranar.

YARA DA JARIRI

Yara suna gani, suna kuma ji. Idan ba a gaya masu kome ba, za su ji a bakin rijiya, kuma abin da za su ji ya fi gaskiya muni. A gaya masu daidai hankalinsu. Ga ƙarami ya isa a ce: "Inna tana da ciwo a nono. Likita yana ba ta magani mai ƙarfi. Maganin zai sa ta gaji, gashinta ya zube, daga baya ya fito. Ba kai ka sa mata ciwon ba, kuma ba za ka ɗauka ba." Duk tafiyar da za ta yi, a gaya masu ranar dawowa, da wanda zai ba su abinci, da ɗakin da za su kwana. Lakwal da makarantar allo su ci gaba yadda aka saba. Uwa ko tana kwance tana iya yin tatsuniya, ta ji karatun ɗanta, ta raba faɗa.

Mai goyo ba ta ba da nono lokacin maganin jijiya, haka kuma lokacin shan tamokisifen. Jariri ba ya ɗaukar daji ta nono. Maganin ne ke shiga ruwan nono ya cuce shi. Don haka a kai jaririn gidan likita tun kafin a fara. Idan bai kai wata 6 ba, su za su nuna madarar da ta dace da yadda ake haɗa ta da tafasasshen ruwa. Idan ya wuce wata 6, za su nuna kunun da aka ƙarfafa da sauran abinci. A riƙa kai shi awo kowane wata, don yaye na gaggawa yana kawo tamowa.

Wani lokaci ciwon yana bin jinin dangi. Ƴaƴa mata da suka girma, da yayye da ƙannen marar lafiya, su san da haka. Su saba duba nonuwansu sau ɗaya a wata, bayan haila ta ɗauke, su kuma gaya wa ungozoma cewa an yi ciwon a gidansu.

MAIGIDA

A cikin gida, maganar maigida ita ta fi nauyi a kan wannan jinya. Shi ke ba da izinin tafiya, shi ke sayar da akuya, shi ke rufe bakin masu surutu. Babban tsoron mace, bayan tsoron mutuwa, shi ne a cire mata nono miji ya juya mata baya, ko ya tura ta gidan iyayenta ya manta da ita. Wasu mata saboda wannan tsoro suke ƙin aiki har ciwon ya kashe su. Ya kamata maigida ya faɗa mata da bakinsa, tun kafin aiki, cewa tana nan matarsa, ɗakinta kuma yana nan nata. Ya raka ta asibiti ko sau ɗaya, ya ji bayani da kunnensa.

Kwanciyar aure ba ta ƙara ciwon, miji kuma ba ya ɗauka. Sai dai a bi ƙarfin jikinta da yardarta. Abin da za a kiyaye shi ne ciki. Maganin jijiya da haskawa da tamokisifen suna iya cutar da ɗan da ke ciki, kuma mace tana iya ɗaukar ciki ko haila ta ɗauke. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa da aka saba ba su dace da mai wannan ciwo ba. Akwai wasu hanyoyi. Su biyun su tambayi likita ko ungozoma. Wadda take da ciki lokacin da aka gano ciwon, ta faɗa tun ranar farko, akwai yadda ake tsara mata magani.

Maigidan da ya saba tafiya cin rani, ya duba ko bana zama ya fi. Idan tafiyar ta zama dole don neman kuɗin maganin, ya bar wakili tsayayye wanda zai ba da izini da kuɗin mota ba sai an jira shi ba.

KUƊI DA TAFIYA

A shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta ce a kula da ciwon dajin mata kyauta a asibitocin gwamnati. Mai rakiya ya tambaya a asibiti abin da ke kyauta da abin da za a biya. Duk da haka iyali su yi tanadi, don kuɗin mota, da abinci, da masauki, da maganin da za a saya a farmasi idan babu shi a asibiti, duk suna kansu.

Hanya kuwa tana da nisa. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, daga Maraɗi wajen 660, daga Damagaram wajen 900. Wadda za a yi wa haskawa za ta zauna Yamai makonni. A nemi ɗan gari ko dangi da ke can tun da wuri, a shirya masauki, a tafi da hatsi da wake.

Kada a kashe duka abin hannu a tafiyar farko. A ƙidaya tafiye-tafiyen da likita ya ce za a yi, a raba kuɗin. Gara a sayar da dabba ɗaya-ɗaya a kan kari, da a sayar da gona ko a buɗe rumbun iri. A sanar da ƴan'uwa da ke cin rani ranakun komawa asibiti, don aikensu ya iso kan lokaci. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jahar Maraɗi a shekarar 1991, da masu adashi, suna iya ba ƴar'uwarsu kwasa ko rance kafin lokacinta. Samarin gari su yi gayya su nome mata gamanarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai ta gidan likita a ranar, ko da dare ne, a tafi da karnenta, a faɗa cewa tana kan maganin daji:

1. Zazzaɓi, ko rawar ɗari. A ma'aunin zafin jiki, 38 ko fiye.
2. Amai ko zawo da ya hana ruwa zama cikinta yini guda.
3. Jini daga hanci, ko dasashi, ko gaba, wanda bai tsaya ba.
4. Numfashi da ƙyar, ko ciwon ƙirji.
5. Mikin aiki ya yi ja, ya kumbura, ko yana fidda mugunya.
6. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko hannun gefen aiki ya yi ja ya yi zafi.

Zazzaɓi shi ne mafi haɗari. Kada a ce na sauro ne a sayi ƙwaya a tebur a jira gobe. Ga mai shan wannan magani, zazzaɓin dare ɗaya yana iya kisa.

Bayan an gama magani, likita zai sa ranakun dawowa awo. A riƙe su kamar yadda aka riƙe na farko. Mai shan ƙwaya ta kowace rana ta haɗa ta da wani abin da ba ta mantawa, kamar sallar asuba, ta kuma nemi wata kafin wadda ke hannunta ta ƙare.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Waɗanne alamu ne ke sa mace ta je a duba nononta?
2. Me ya sa ake cewa daji ba ya son ƙarfe? Mece ce gaskiyar maganar?
3. Cikin mako uku da ke tsakanin ƙarin magani, wanne ne makon haɗari? Don me?
4. Idan haka ta samu wata mata a garin nan, wa zai yi mata daka, wa zai nome gamanarta? Ƙungiyar mata da samari me za su iya yi?

LISSAFI

1. Ana ƙara wa wata mata magani sau 6, tsakanin kowane biyu kwana 21. Kwana nawa ne daga ƙarin farko zuwa na ƙarshe? Mako nawa ke nan?
2. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa jika 15 ne ga mutum ɗaya. Ita da mai rakiyarta za su yi tafiya 6. Jika nawa iyali za su tanada?